Bargo a Kan Kwamfutar Gidan Rediyo

Ko me zan manta a aikin rediyo, ban da ranar ƙarshe ta yaƙin neman zaɓe, a shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan nake ba labarin, don na ji ɗayanku yana cika baki zai ƙara wa kwamfutar ɗakin shirye-shirye gudu.

A lokacin ni ne teknisiyan, wato mai kula da na'urori, a wani ƙaramin gidan rediyon karkara a yankin Gidan Rumji. Madam Rabi ce darakta, Sanusi ne mai gabatar da shirye-shirye. Kwamfutarmu ɗaya ce tal, irin ta kan tebur, kuma ta tsufa. Da aka sa mata sabuwar manhajar ɗaukar murya sai ta fara sarƙewa: mutum yana magana, ta haɗiye kalma, ta tsallake wata. Rikodar kaset kuwa ta daɗe da mutuwa.

A kwanakin talla da gaisuwar biki wannan ba komai ba ne. Amma dokar hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai a fili take: lokacin zaɓe kowace jam'iyya a ba ta lokaci daidai da na abokiyar takararta, a rana ɗaya. Gidan da aka kama da son kai, rufe shi ake yi. Mu kuwa da mu ake jin sanarwar rasuwa da cigiyar dabbobi har ƙauyukan Cadakori.

Madam Rabi ta kira ni buro, wato ofishinta, kan maganar kwamfutar. "Isuhu, ordinatar ga tana iyawa ko ba ta iyawa? Gaya mini gaskiya."

"Madam, akwai dabara guda, amma ban taɓa yin ta ba."

"To koyo ta. Ba mu da wata."

Dabarar ita ce a sa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi gudu fiye da yadda aka saita ta daga kamfani. Wani mai gyara a Maraɗi ya koya mini ta waya, yana yi yana jan kunnena. Da farko a share fankar ciki, a shafa sabon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye mata zafi. Sannan a shiga shuɗin shafin nan da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, a ƙara gudun kaɗan. Kada ɗan koyo ya taɓa ƙarfin wuta. Bayan kowane ƙari a ba ta aiki mai nauyi, ana kallon ma'aunin zafi. In ta ƙi tashi, a zare wayar wuta, a cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, ta koma yadda take a da.

Haka na bi. In ƙara, in gwada, in zauna ina zura wa ma'auni ido. Da na kai inda ta fara rikicewa sai na ja baya. Murya ta fito tas, zafi bai wuce kima ba. Duk gwajin nan na yi shi ne ƙofa a buɗe, fankar sama tana juyawa. Ɗaukar murya kuwa aikin Sanusi ne, kuma ba ya yarda kowa ya zauna masa a ɗaki.

Ranar da nake faɗa, wakilan jam'iyyu biyu suka zo bayan azahar, kowa da magoya bayansa a kan babura. Malam Idi na jam'iyya ɗaya, Alhaji Mamman na ɗayar. Taubasai ne, amma tun da aka fara kamfe ko gaisuwa ba sa yi. Bayan magariba za a watsa saƙonninsu, kuma daga ranar an rufe yaƙin neman zaɓe. Zafin bazara ya fara, irin wanda ko bango ka jingina da shi sai ka janye.

Malam Idi ya shiga, ya yi nasa, ya fito yana murmushi. Alhaji Mamman ya shiga. Ina zaune a baranda sai na ji ihu.

Na faɗa ɗakin. Fankar sama a kashe, taga a rufe, allon kwamfuta baƙi ƙirin. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Akwatin kwamfutar lulluɓe yake da bargo mai kauri, an cusa gefensa ta kowace kusurwa kamar jariri a watan sanyi.

"Sanusi! Mi ne ne wanga?"

"Kullum haka nike yi," in ji shi, ko a jikinsa. "Ƙarar hwankarta na shiga makirufo. Kai ba ka san aikin murya ba."

Raina ya ɓaci. Da gaskiyarsa ta wani gefen: ya daɗe yana lulluɓe ta, tana jurewa, don a da gudunta kaɗan ne. Yanzu na ƙara mata gudu, shi kuma ya toshe mata numfashi. Na fizge bargon, na danna maɓalli. Fanka ta juya, allo bai kawo komai ba.

Alhaji Mamman ya miƙe, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi. "An saye gidan ga! Idi ya yi nashi lahiya lau, ni da na zo sai ta mutu? Ku kira mini jandarma!"

Maganar ta fita waje kafin shi. Aka fara tayar da babura, wani yana dukan ƙofar gida da tafin hannu. Madam Rabi ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube ni. Tsoro ya kama ni sosai, don ban san ko furosesar ta ƙone ba.

Na ce, "Alhaji, don Allah kawo hannunka."

Ya yi tsaki, amma ya miƙo. Na ɗora tafinsa a kan akwatin. Ya janye da sauri yana yarfewa.

"Zahi ne ya kashe ta, ba mutum ba. Ka ba ni lokaci ta huce."

Madam Rabi ta aika aka shigo da Malam Idi. Ta faɗa musu a gaban juna: "Saƙon Malam Idi yana cikin akwatin ga. In ba ta tashi ba, ba mai jin muryar kowa. In ta tashi ba a ɗauki na Alhaji ba, shi ma na Malam Idi ba ni sa shi." Murmushin Malam Idi ya ɓace.

Na zare waya, na kwance murfin gefe, na kunna fankar sama. Jiran nan ya fi komai wuya, mutum huɗu a tsaye a kaina, waje ana hayaniya. Da ƙarfen ya huce har yatsa na iya zama a kai, na cire ƙaramin batirin, na dakata, na mayar. Na yi bisimilla na danna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya bayyana.

Amma ta koma tsohon gudunta, mai haɗiye kalmomi. Wa zai yarda ba da gangan aka haɗiye wa ɗan siyasa kalma ba? Dole na sake shiga shuɗin shafin na ƙara, na tsaya ƙasa da inda na kai a baya. Na ce bargo ya fita daga ɗakin, murfi kuma a buɗe zai zauna. Sanusi ya ce fankar sama dole a kashe ta, in ba haka ba iska ce kawai za a ji. Muka ja makirufo can kusurwa. Ma'aunin zafi dole ni zan tsare shi, ba zan iya yin wani abu ba.

Akwai mafici a kan kujerar Sanusi. Malam Idi ya dube shi, ya dubi agogo, ya tattare rigarsa ya durƙusa gaban akwatin.

"Yi maza, Mamman. Kuma ka rage ƙarya, hannuna ka gajiya."

Haka Alhaji Mamman ya zazzage jam'iyyar Malam Idi tas, Malam Idi yana yi wa kwamfuta fifita, ni ina kallon ma'auni yana hawa yana sauka, ina addu'a a zuci. Da muka saurara, ba kalmar da ta ɓace, sai dai wani siririn gunjin fanka a bayan muryar.

"Nashi ba ya da wanga gunji," in ji Alhaji. "Ba daidai ba ne."

Ba wanda ya musa, don gaskiya ce. Aka goge na Malam Idi, ya koma kusurwa don ya sake nasa. Ya miƙa wa Alhaji maficin. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire hula, ya durƙusa.

Bayan magariba saƙonnin suka fita, tsawonsu ɗaya, gunjinsu ɗaya. Ba a kai ƙararmu ko'ina ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka ƙara wa kwamfuta gudu, bin ƙa'ida kaɗan-kaɗan bai isa ba. Gwada ta a ɗakin da za ta yi aiki, a hannun mai aiki da ita, ka tambaye shi abin da yake yi mata in ya rufe ƙofa. Na kuma gane mutanenmu za su jure wa murya mai gunji muddin ta kowa ce ke gunjin. Bargon kuwa Madam Rabi ta ba maigadi, maficin ta sa aka rataye shi a jikin akwatin, yana nan har na bar gidan.