Zanen da na bari a Giza

Ana kiran assalatu mota ta ɗauke mu zuwa filin jirgin Kano, mu mata uku da jam'iyyarmu ta talakawa ta tura taron ƙasashen Afirka a kan haƙƙin nakasassu a Alƙahira. Ni aka zaɓa in yi magana, don kowa ya san bakina ba ya tsoron lasifika. Da shekaruna arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka duk inda kuka ga rubutuna ya karkace, ku yi haƙuri da shi. Amma ba taron kaɗai ya kai ni ba. Ɗana na fari yana karatu a jami'ar da ke Giza, ya daɗe bai zo gida ba. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido. Mahaifiyata ce ta goya shi, ni kuwa Yaya yake ce mini har yau.

Alƙahira gari ne da ba a tuƙi sai da ham. Bas yana tafiya a karkace don mutanen da suka maƙale a ƙofa. Wake suke karyawa da shi, suna ce masa ful, a haɗa da wani burodi mai faɗi kamar faifai wanda kwabo ɗayansu ke saye. Zoɓonmu kuwa an ba shi suna karkade, an zuba a kofin gilas, ya zama abin baƙi. Na sha, na ce da abokan tafiyata ko a Masar zoɓo bai daina zama zoɓo ba.

A zauren taro na faɗi abin da na saba faɗa a gida: makaho da gurgu ba sadakar Juma'a suke nema ba, makaranta da aikin yi suke nema, kuma wajibin gwamnati ne, ba alfarmar attajiri ba. An yi tafi. Sai daga baya na lura zauren a bene yake, kuma masu keken guragu a tsakar gida aka bar su, suna jin mu ta taga.

Ranar da aka rufe taro yaron ya zo ya ɗauke ni. A ƙofar gidan da yake haya muka tarar da wani saurayi a kan keken guragu, Bahaushen Sudan, jikan mahajjatan da suka yada zango a hanya. Shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Aikinsa buga wa ɗalibai takardu da tafireta. Tare suke haya da ɗana, ɗakinsu yana can ƙololuwa, ga na'urar hawa bene ta mutu tun kafin su kama hayar. Yaron ya durƙusa, saurayin ya rungumo wuyansa, suka fara hawa. Na ga saurayin yana zamewa, raina ya ɓaci.

"Haka ake goyo a Masar?" na ce. "Ku tsaya."

Na ciro zane ɗan Kamfala daga jakata na ɗaure su tam, kamar yadda ake yi wa jariri. Saurayin ya yi ta dariya har muka kai.

"Hajiya, wannan fasahar ta fi duk abin da kuka yanke a taronku."

"Da bakinka gwamnati ta gina wa matakala, da tuni ka haye," na ce masa.

Kwana biyu na yi muna fafatawa da shi. Shi yana ganin sulhun da Masar ta yi da Isra'ila ya tsayar da yaƙi, kuma duk yaƙin da aka tsayar guragu ne aka rage. Ya nuna mini wani tsohon soja mai hannu ɗaya da ke sayar da ashana a bakin layi. Ni na ce sulhun da aka bar Falasɗinawa a waje ba sulhu ba ne, ciniki ne, alkamar Amurka aka karɓa. Ya ce Rashawa ma, lokacin da suke nan kafin Amurkawa, ba su gyara masa na'urar bene ba. Na miƙa masa kilishi don ya rufe baki. Gaskiya na ji daɗin yaron mutane, har na ce a raina ɗana ya yi dacen abokin zama.

Da hantsin ranar tafiyata ina ɗaure kaya, saurayin yana barandar waje yana buga tafireta, yaron ya shigo ya zauna a ƙasa.

"Yaya, Baba ya aiko ki ki tambaye ni yaushe zan dawo in yi aure, na sani. Ba zan yi ba. Wancan da kika goya mini, ba abokin haya ba ne. Yadda Baba yake a wurinki, haka yake a wurina. Na gaji da ɓoye miki."

Ƙarar tafireta ta tsaya.

Ni da na tsaya gaban alƙali ban sunkuya ba, ni da na kwana a bayan kanta saboda siyasa, sai na ja mayafi na rufe fuska kamar mai kunyar ɗan fari. Ba kunya ba ce. Mafaka na samu a al'ada na shige.

"A kira tasi," na ce. "Kada jirgi ya bar ni."

Yaron ya miƙe. Ya sauke jakata, ya koma ya goyo saurayin da zanen nan, don shi saurayin ya ce ba zai bari baƙuwa ta tafi bai raka ta ba. A bakin titi ya zaunar da shi a kekensa, shi kuma ya durƙusa gabana yana jiran abin da kowane ɗa ke jira in za a rabu: Allah ya yi maka albarka. Kalmomin suna bakina. Direba yana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Na buɗe ƙofa na shiga.

Saurayin ya turo kekensa har taga, ya miƙo zanen a naɗe.

"Hajiya, kin manta zanenki."

"Ku riƙe," na ce. "Matakalar tana nan."

Iyakar abin da na iya ke nan. Dalar Fir'auna da kowa ke tambaya ta, ta tagar tasi na hango ta, ban ma gane me nake kallo ba.

Mun sauka Kano da la'asar. Uban yaron ya tambaye ni ya yake, na ce lafiyarsa ƙalau, yana gaisuwa. Ban faɗa masa sauran ba, shi ya sa ma ban sa sunana ko na unguwata a wannan labari ba. Ba na ce na fahimci abin da yaron ya faɗa mini ba, ban kuma ce ya yi daidai da abin da aka karantar da ni ba. Wannan hukunci yana wurin Allah, ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna albarka ce, ita kuma na hana.

Tafiyar ta koya mini cewa kare haƙƙin wanda ba ka haifa ba abu ne mai sauƙi, lasifika kawai ake buƙata. Na yi wa masu taro faɗa a zuciyata don sun bar mutane a tsakar gida, ni kuma na bar nawa a durƙushe a bakin titi. Yanzu kullum bayan sallar asuba ina furta masa albarkar a kan dardumata, inda ba zai ji ba.