Katin Da Ya Raba Babana Da Kasuwar Shinkafi

A shekarun da aka ba mu jihar Zamfara ni saurayi ne mai ɗinki a Ƙaura Namoda, ba na shan taba, ba na bin 'yan mata. Cutata ɗaya ce, tara tsofaffin katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda ake samu cikin cingam tun muna yara. An daɗe da daina yin su, shi ya sa samunsu ya zama aiki. Kowane kati da lamba a bayansa, sai na rubuta lambobin da ba ni da su a takarda, na liƙa jikin keken ɗinkina. Duk wanda na samu in ja masa layi. Har Zurmi na sha zuwa a bayan babur saboda kati guda, abokaina suna min tsiya wai na auri takarda.

A hankali layuka suka cika, saura katin wani mai tsaron gida. Wallahi katin nan ya hana ni sukuni. Can na ji yana wurin wani mai shayi a tashar Shinkafi. Na je ranar kasuwa, na taya, ya ce shi ba ya sayarwa, ai masu tara kati ba su san ciniki ba, sai dai kowa ya aza nasa a jefa kwabo, wanda ya ci ya kwashe. Haka muke yi tun ƙuruciya, ban taɓa kiransa caca ba. Amma a lokacin an ƙaddamar da Shari'a, kuma na sani sarai an hana caca. Zuciyata ta ce in tashi, na ƙi. Muka tsuguna bayan rumfarsa muka jefa, na ci. Ina saka katin a aljihu aka dafa kafaɗata, aka kama mu.

Ban yi musu a gaban alƙali ba, don ba ƙarya aka yi min ba. Aka yanke mana bulala, aka yi mana a bainar jama'a. Zafin bai dame ni ba kamar abin da na gani da na ɗaga kai. Babana ne tsaye cikin taron. Fatun dabbobi yake saye a kasuwar nan tun kafin a haife ni, mutumin da ake kira ya raba gardama saboda an yarda da shi. Ya jira aka gama, ya miƙo min rigata, ya biya mana mota zuwa gida.

Na so ya zage ni, ko ya mare ni, bai yi ba. Sai dai tun daga ranar bai sake taka Shinkafi ba. Abokan cinikinsa suka yi ta aike, yana cewa ƙafa ce ke damunsa. Innata ce ta faɗa min cewa ba ƙafa ba ce, ido ne ba zai iya haɗawa da mutane ba. Sana'ar ta mutu a hannunsa, ya koma zaman ƙofar gida har Allah ya karɓi abinsa. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, amma ni na kasa yafe wa kaina.

'Yan'uwana matasa, sha'awa ba laifi ba ce, amma duk ranar da kuka ji abu ɗaya ya rage kuma ko ta halin ƙaƙa sai kun same shi, ku ji tsoron ranar. Kunyar da kuka jawo ba ku kaɗai za ku ɗauke ta ba. Katin yana nan a akwatina, takardar ma tana nan, kuma har yau ban iya ja wa lambar nan layi ba.