Jar Danja a Hanyar Shumaisi

Saƙon ya shigo wayata ina tsakiyar ɗaure kaya a bayan mota, a sitonmu da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Na goge hannu a wando na duba. Wai an ci ni tara: motata ta ƙetare jar danja a hanyar Shumaisi ranar Talata da hantsi, kyamarar kan titi ce ta kama ta.

Sau uku na karanta. Motata? 'Yar ƙaramar motata da na bari a ƙofar gida a Jaradiya, lulluɓe da tamfol saboda rana? Ni da na fita tun bayan asuba a bas ɗin ma'aikata, makullin kuma ga shi nan a aljihuna yana sukar cinyata? A daidai lokacin da suka ambata ina can hanyar Kharj da babbar motar kamfani cike da kwalayen sabulu. Na tsaya baki buɗe har mai gadi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ba tarar ce ta tayar mini da hankali ba. Ni direba ne, da sitiyari nake ci da iyalina a Riyadh, kuma shekara goma sha huɗu ban taɓa ƙetare danja ba. Mudir ɗinmu, wato manajan sito, yana da sharaɗi guda da kowane direba ya haddace kamar Fatiha: wanda aka rubuta wa jar danja, a motar kamfani ko a tasa, ya ajiye makulli. Yakan duba takardun kowa lokacin sabunta iƙama, takardar izinin zama, ni kuwa saura wata biyu tawa ta ƙare. Matata na da ciki wata bakwai. Idan laifin nan ya zauna a kaina, tuƙi ya ƙare, sai dai dako a cikin sito in an tausaya mini.

Na iso gida kamar zan tashi sama. Motar na nan inda na bar ta, tamfol a lulluɓe tsaf, har da dutsen da nake danne gefensa. Na shiga na jawo durowa, makulli na biyu yana nan a ƙarƙashin takardun asibiti. Na nuna wa matata saƙon, ina faɗa ina nuna bango da yatsa, ina cewa ko dai na'urar ta haukace ko wani ya yi mini sata ya dawo da kaya. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta ce abinci zai huce. Na ɗauka nauyin ciki ne ya sa ba ta tanka ba.

Zargina ya fara sauka kan maƙwabcinmu, wani ɗalibi ɗan Maraɗi mai karatun hadisi, don sau ɗaya na taɓa ara masa motar ya ɗauko baƙo. Na ƙwanƙwasa masa ƙofa ko sallamar kirki ban yi ba. Bawan Allah ya fito da littafi a hannu, ya saurare ni har na gama, ya ce shi ranar Talata yana aji tun safe, kuma Allah ya huci zuciyata. Ko murya bai ɗaga ba. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don na so a ce ya yi gardama.

Washegari Juma'a ce, ranar da nake zuwa gaida surukina.

Tsohon yana zaune shi kaɗai a ɗaki guda, layi biyu daga gidanmu. Ya zo ƙasar nan yana saurayi a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya ɓarke ana neman duk mai hannu biyu. Tifa ya fara ja, yana kai tsakuwa wuraren da yanzu suka zama manyan tituna. In hira ta yi daɗi yakan ce akwai hanyar da ya san ta tun tana rairayi, raƙuma na tsallakawa. Ya ja motar haya, ya ja ta gida, har yanar ido ta rufe masa gani aka ƙi sabunta masa lasin. Matarsa ta rasu a nan. Can gida kuwa duk wanda ya san shi ya riga mu gidan gaskiya, 'yarsa guda da nake aure ita ce danginsa.

Shekara goma sha ɗaya ina surukinsa ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa miƙa masa hannu ba. Nakan tuɓe takalmi tun daga waje, in durƙusa a bakin tabarma, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya tambayi aiki in ce da godiya, in ɗan jima in tashi. Haka muka tashi muka ga ana yi, Riyadh ba ta canza mana wannan ba.

Amma ran nan zuciya ta ci ni. Yana cewa ya aiki, sai na kwashe labari na ba shi tas, da rana da wuri da sharaɗin mudir. Ban tsaya nan ba. Na ce, "Baba, in ba makaho ba, wa zai ga jar danja da rana tsaka ya wuce? Wallahi ko wane ne sai na tona masa asiri."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Talata ka ce, Malam?"

Na ce Talata.

Ya ce, "Allah ya kyauta."

Na tashi ina jin daɗi na samu wanda ya saurare ni.

Na shigar da ƙorafi ta waya, aka ba ni ranar da zan je ofishin murur, 'yan sandan kula da hanya. Na shirya kamar mai zuwa kotu. Mai gadin sito ya ba ni hoton shafin da ya rubuta fitata da dawowata, mai karɓar kaya a Kharj ya sa mini hannu a takarda. Na sa farar jallabiya, na tsara jawabina da Larabci tun a hanya, har da inda zan ɗaga murya.

Jami'in da na samu matashi ne, mai sanyin magana. Ban bari ya gama amsa sallama ba na baje masa takardu, na rantse da Allah ba ni ba ne, na ce a nuna mini hoto in na'urar tasu ta isa. Ya ce, "Sannu a hankali, ya akhi," wato ɗan'uwana. Ya danna wasu maɓallai, ya ɗan duba, sai ya juyo da allon kwamfutar gabana.

Lambar motata ce, babu ko shakka. Ya ƙara girman hoton.

Hular na fara ganewa. Zanna bukar ce mai ruwan toka, ni na sayo masa ita da na je gida hutu. Ƙarƙashinta ga farin gemu, ga fuskar surukina ya manna ƙirji da sitiyari, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, hannu biyu a damƙe. A kujerar gefensa mace ce cikin baƙar abaya, ta dunƙule, hannunta ɗaya a kan ciki. Ba sai an ɗage mini niƙabi ba. Jakar da ke cinyarta ni na saya.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ji ina ta maimaita innalillahi a hankali. Mutumin da ba ya gane ni sai na yi magana, shi ne a kan babban titi da matata da abin da ke cikinta. Ga motoci nan a hoton sun fara shigowa daga hagu, wata farar jif saura ƙiris. Sai kuma maganar da na yi ranar Juma'a ta faɗo mini, makahon nan da na ambata a bakin tabarmarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jami'in ya ce, "Gaskiyarka, ba kai ba ne. Wannan dattijo ne. Ka san shi?"

Na gyaɗa kai.

Ya turo mini takarda da biro. Ya ce in rubuta sunan direban da lambar iƙamarsa, za a kira shi ya zo da lasin, laifin ya koma kansa, ni kuwa takarduna su fita fes. Abin da na zo nema ke nan, ga shi an miƙo mini a hannu.

Ba zan yi ƙarya ba, na ɗauki biron, kuma da niyya na ɗauka. Raina a ɓace yake ƙwarai. Wa ya aike shi? Da jif ɗin nan ta same su fa? Amma na san abin da zai biyo baya. Ba shi da lasin. Zamansa a ƙasar ma alfarma ce, ɗan tsohon maigidansa ne ke sabunta masa iƙama don darajar mahaifinsa, kuma ba mai son a kira shi ofis ba ne. Rigima ɗaya ta isa ya janye hannu, a sa tsoho a jirgi zuwa garin da ba wanda zai tare shi a tasha.

Sannan ga sunan. Na san shi sarai, yana jikin takardar aurena. Amma sunan da bakina bai taɓa furtawa ba don girmamawa, yau in fara rubuta shi a takardar ƙara? Na kafa biro a kan layin, hannuna ya ƙi tafiya.

Na ce, "Na janye ƙorafin."

Jami'in ya dube ni. "Ka gane cewa zai zauna a kanka?"

"Motar tawa ce."

Ya sake duban hoton. "Mahaifinka ne?"

Na ce, "Mahaifin matata."

Sai ya tattara takardun shaidata, ya jera su, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya taimake ni.

Ina shiga gida matata ta ga fuskata, ta zauna a ƙasa ta fara kuka tun ban buɗe baki ba. Ashe ba ranar ce ta farko ba. Wata huɗu ke nan, duk ranar awon ciki mahaifinta ke kai ta asibitin Shumaisi. Ni ne na ce ba zan riƙa neman izini a wurin aiki ba, ta hau tasi. Da ta faɗa masa, ya ce yana raye 'yarsa ba za ta shiga motar baƙo ita kaɗai da ciki ba. Hanyar ya san ta a ka, kowace kwana da kowane rami. Danja ce kawai ba ya gani, ita ke zama idonsa: ta ce tsaya ya tsaya, ta ce wuce ya wuce. Ran nan mararta ta murɗa daidai mahaɗar, ta sunkuya, ba ta ce komai ba, shi kuwa da bai ji tsaya ba ya wuce abinsa. In sun dawo, ita ke mayar da tamfol da dutse.

Na ce, "Wata huɗu! Kina kallona ina zagin mutane, kika yi shiru?"

Ta ce, "Abban yara, in ce maka me? In ce Babana ne?"

Faɗan da na taho da shi ya mutu nan take, don rabinsa nawa ne. Na fita na ƙwanƙwasa wa ɗan Maraɗi ƙofa na ba shi haƙuri. Ya ce ai ya manta, bai kuma tambaye ni wane ne ba.

Mudir bai yi wata-wata ba. Da lokacin sabunta iƙama ya zo ya ga abin, ya ce ya yi mamaki, amma sharaɗi sharaɗi ne. Ban yi masa bayani ba. Albarkacin daɗewata bai sallame ni ba, ya mayar da ni cikin sito. Na miƙa makullin babbar mota ga wani da ni na koya wa ja da baya, na koma loda masa kwalaye. A mako na farko tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe.

Duk tsawon lokacin ina zuwa gaisuwar Juma'a, ba wanda ya tayar da maganar. Sau da yawa nakan tsara abin da zan faɗa tun daga gida, in roƙe shi kada ya ƙara, in kuma nemi gafarar abin da na ce. Ina durƙusawa sai komai ya gudu. Makulli na biyu kuwa ya ɓace daga durowa tun ranar da na je murur, na kasa tambayar inda yake. Na dai karɓi kai ta awo da kaina.

Juma'ar da ta biyo bayan komawata sito na je kamar kullum. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka gaisa. Ya ce ya aiki, na ce da godiya.

Sai ya ce, "Matso, Malam."

Na matsa kaɗan. Ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya kama nawa. Tunda na auri 'yarsa jikinmu bai taɓa haɗuwa ba. Ya juya tafin, ya bi shi da babban yatsa a hankali, yana tsayawa a kan kowane ƙulli da kowace tsaga. Shi ma ya yi dako kafin ya samu tifa, ba sai an gaya masa abin da ke sa hannu ya zama haka ba.

Ya sa ɗaya hannun a aljihun gaba, ya ciro makullin, ya ɗora a tafina, ya naɗe yatsuna a kai. Tare da shi akwai tsohon lasin ɗinsa, wanda ya mutu tun tuni amma kullum yana aljihunsa.

Ya ce, "Makahon ya ajiye."

Na so in ce Baba ka yafe mini. Kaina a ƙasa, hawaye na ɗiga a tabarmarsa, shi kuma bai saki hannuna ba har aka kira sallar la'asar.