Almurun da Ya Ƙi Wucewa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, a Kebbe, kuma ni mace ce mai tsoron kuskure. Ina tsoron in faɗi abu ba yadda yake ba a rubuta mini ƙarya. Ina kuma tsoron a ce tsohuwa ta je Turai sau ɗaya ta dawo ta hana mutane sakat. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, wanda bai gani ba kuma zan ce bai gani ba.

A Tambuwal na yi aure, nan nake zaune har yau. Ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, tana can arewacin ƙasar Norwe tare da mijinta, yana aiki a wani asibiti. Da haihuwarta ta farko ta zo, ba ta samu dawowa gida wanka ba, sai aka ce ni in je. Na tashi lokacin da ruwan fari ya sauka ana shirin shuka. Na ɗaure garin gero da kanwa da yaji da daddawa, na yi kwana da kwanaki ina tunanin za a ƙwace su a filin jirgi a kuma tsare ni. Da muka sauka, tun ba a tambaye ni ba na buɗe jakar ina nuna wa ma'aikacin ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ga daddawa ya ɗan ja baya, ya yi mini alama da hannu in wuce.

An gaya mini tun a gida cewa a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa a can. Na ji da kunne, amma ban ɗauka har haka ba ne. Takan zagaya gari kawai, ta leƙo ta wannan taga, an jima ta leƙo ta waccan. Babu carar zakara, babu kiran salla sai na waya. Surukina ya ce malaman wurin sun tsara lokutan salla, su ake bi. Na bi, don ni ba malama ba ce, ko da yake duk sallar isha'in da na yi rana na haska labule sai na ƙara istigfari a bayanta.

Gidan ɗan ƙarami ne, ba inda suruka za ta ɓuya wa suruki. Yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. In zan ci abinci sai in shige kicin in ja ƙofa. Ruwan wanka daga famfo yake fitowa da zafinsa, ba itace ba tukunya, na yi wa mai jego abin da ya samu, na dama mata kunun kanwa safe da yamma. Jaririn namiji ne, saboda haka mai gidana nake ce masa. Muna cikin ɗaki kullum, baƙin labule a sake, rana ta yi abin da ta ga dama a waje. Ban taɓa tunanin almuru ba a waɗannan kwanaki, tunda yaro bai fita ko'ina ba.

Da aka yi arba'in, ɗiyata ta ce, "Inna, a gida da yanzu muna yawon arba'in. Nan ba mu da dangin da za a kai ma shi. Ya ce mu shiga jirgin ruwa, shi ne namu yawon."

Ni da ruwa ba ma shiri. Ko gulbin da muke ƙetarewa da damina a wajen Kebbe, ido a rufe nake shiga kwale-kwale, ba na buɗewa sai na ji ya daki gaɓa. Amma idan suruki ya shirya abu don ya girmama ki, ba kya ce masa a'a ba.

Da yamma muka tashi. Jirgin ya fi gidan bene girma, ba ya ko girgiza. Na goya mai gidana da zanena a kan wata ƙatuwar rigar sanyi da suka saya mini, matan Turawa suna kallon goyon suna murmushi, wata har ta zagaya bayana ta ga yadda na ɗaure. Muka hau sama inda babu rufi.

A can teku ce take kutsawa tsakanin duwatsu, ta yi dogon lungu, jirgi ya bi. Dutse dama, dutse hagu, baƙaƙe, tsayinsu sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame. Ƙanƙara na kwance a kansu. Ruwa na zubowa daga can sama siriri, fari fat, kamar an warware sabon zane an sako shi. Ruwan da muke kai kuwa kwance yake lumui, duk abin da ke sama yana ciki a kife. A gindin duwatsun akwai ƙananan gidaje jajaye, ɗaya nan ɗaya can, ba katanga ba danga. Na tambayi ɗiyata inda mutanen suke noma, ta ce kifi suke kamawa. Na ce to tuwo fa? Ta yi dariya irin wadda rabona da in ji ta yi tun tana yarinya tana bin kaji a tsakar gida.

Ban taɓa jin daɗin wata tafiya kamar farkon wannan ba. Iska mai sanyi na dukan fuskata, bayana kuma da ɗumin yaro. Fararen tsuntsaye na bin mu. Aka kawo shayi mai zafi a kofin takarda. Tsoron ruwa ya sake ni har na dafa ƙarfen gefe na leƙa. Na riƙa cewa a raina, ashe duk wannan yana cikin duniyar da nake ciki, ni ina can ina daka.

Sai rana ta fara yin ƙasa. Ta yi ja, duwatsun suka yi ja, fuskokin mutane suka yi ja. Ba wanda ya gaya mini komai, jikina ne ya gane lokacin.

A Kebbe idan rana ta kai nan, shanun Fulani sun doso gari, hayaƙi ya tashi a kowane gida, kaji suna neman akurki. Kakata takan fito bakin zaure da carbinta tana kiran mu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya makara ya sha ranƙwashi. Jariri kuwa ko a tsakar gida ba a barin shi, sai ɗaki, a rufe masa kai. Lokacin fitowar iskoki ne. Malamai ma sun ce a tsare yara a wannan lokacin, idan duhu ya zauna sai a sake su. Haka aka rene ni, haka na reni nawa duka, ban taɓa saɓawa ba. Ga shi kuma muna kan ruwa, tsakanin duwatsun da ban san masu su ba.

Na juya na nufi matakala.

"Inna, ina za ki?"

"Ciki. Ba ki ga almuru ya yi ba?"

"Wanga ba almuru ba ne, Inna. Ranar ba ta faɗuwa. Abin da munka zo gani ke nan fa."

"Ke ki gani. Ni da mai gidana mun shiga daga ciki."

"Iskokin Kebbe ba su da biza, Inna. Wa zai bar su su shigo?"

"Kowace ƙasa da nata. Ki dubi duwatsun ga ki ce mini babu kowa a ciki."

"To ki ba ni shi."

"Ki ba ni wuri dai. Da ya wuce nika fitowa."

Gaskiya na faɗa mata, niyyata ke nan. Almuru ba ya daɗewa. A gida kafin a idar da salla a kwashe tuwo ya wuce. Na ce in zauna kaɗan, in ya wuce in fito mu ƙarasa kallo tare.

A ƙasa akwai babban ɗaki mai tebura da kujeru, kowa ya fice sai matar da ke sayar da shayi. Na zaɓi kujerar tsakiya, nesa da taga, na ba tagar baya. Na kwance goyo na rungume shi, na ja mayafi na rufe masa kai, na shiga karanta abin da na sani ina tofa masa. Jan hasken ya shigo ya kwanta a bangon da ke gabana. Shi na sa wa ido. Na san in ya dushe, almuru ya wuce.

Bai dushe ba. Sai dai ya riƙa matsawa gefe a hankali, daga kan wani hoton kifi zuwa ƙofar bayi, jansa na nan yadda yake. Na gama addu'o'in da na haddace na sake ɗaukowa daga farko. Hannuna ya yi tsami. Ɗiyata ta sauko, hancinta ya yi ja don sanyi, ta ce saura kaɗan rana ta kai iyakar saukarta, in taso in gani. Na nuna mata bango na ce ta duba da kanta. Ta tsaya ta dube ni, ta koma.

Can sai ga surukina. A gaban mai shayin nan ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, a ba ni shi in riƙa nan ciki. Ba ni fita da shi. Ku hau ku gani, ko kaɗan ne."

Tunda na zo ƙasar bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na so in miƙa masa. Amma ɗan fari ne, ban ga yadda zan ɗora masa shi a hannu ina kallo ba. Shi ya shirya tafiyar kuma, ba daidai ba ne ya zauna a ɗaki ni ina sama. Bayan haka na san halin maza, da yaro ya yi ɗan kuka zai miƙe ya fara zagayawa da shi, daga nan sai bakin ƙofa. Na ce wa tebur, "A je a gani. Allah shi yi albarka."

Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi.

Ban san iya zaman da na yi ba. Na dai ji jirgin ya kashe inji, ko'ina ya yi tsit. Daga sama na ji mutane sun yi wata 'yar gunaguni tare, sannan tafi. Inji ya tashi. Hasken da ke bango ya fara sauya launi, daga ja ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi fari. Mai gidana ya motsa ya buɗe ido yana neman nono. Sai a lokacin na gane cewa duhun da nake jira ba zai zo ba. Almurun bai wuce ba, safiya ya zama.

Na goya shi na hau. Rana ta riga ta ɗago, tana haska ruwa kamar kowace safiya. Mutane na ta saukowa suna hamma. Ɗiyata ta karɓi yaron ta zauna ta juya baya tana ba shi nono. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Don ke anka yi tafiyar ga, Inna. Mu mun gani bara." Na gyara mata mayafi a kafaɗa.

Sun nuna mini ranar a waya daga baya. Wani ɗan jan abu ne kamar ƙwayar goro yana rawa, sai ƙarar iska. Na tambayi ɗiyata ko ranar ta taɓa ruwa, ta ce kamar ta taɓa kamar ba ta taɓa ba. Surukina kuwa ya ce ba ta taɓa ba. Ka ga ko su ba su daidaita ba.

Da na dawo Tambuwal an fara cin sabon gero. Daren farko na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zauna ina kallon duhu kamar baƙon da na yi kewa. Amma har yau, idan rana ta yi ja a bayan gari na kora jikokin maƙwabta cikin gida, sai duwatsun nan su faɗo mini a rai, da shayin kofin takarda, da dariyar ɗiyata.

Na aika ƙanena wurin malamin unguwarmu da tambayar. Ya ce abin da ya sani shi ne ana tsare yara idan rana ta faɗi. Ranar da ta yi ja ta ƙi faɗuwa kuwa bai karanta hukuncinta ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Na ga girmansa a kan haka, amma ya bar ni inda nake. Matan gidan biki da na ba labarin, rabi suka yi dariya, rabi suka ce da su ne ko jirgin ba za su shiga ba.

Yanzu ɗiyata na da wani cikin, haihuwar kuma a irin wancan lokacin za ta faɗo in Allah ya kai mu. Ta ce in shirya. Ta ce za a sake shiga jirgin, kuma wannan karon ko ɗaure ni za ta yi a sama. Mai gidana yana gudu da ƙafarsa yanzu, ba zai zaunu a cinya ba, ga kuma sabon jariri. Ba na son in sake ɓata mata rai, ba na kuma son in tsaya da 'ya'yan mutane a kan ruwa a lokacin da bai kamata ba.

Saboda haka nake roƙon masu karatu. Idan akwai malamin da ya san ko jan ranar da ba ta faɗi ba almuru ne ko ba almuru ba, ya taimaka ya aiko da bayani ta hannun waɗanda suka buga wannan, da Hausa mai sauƙi yadda zan gane. Idan kuma akwai wata uwa tamu da ta taɓa tsayawa a saman irin jirgin nan da goyo a bayanta har rana ta ɗago, ta gaya mini yadda ta yi, da yadda yaron ya kwana bayan nan. Ina so in ji kafin ruwan fari ya sauka.