Malamin da ya shigo horo bayan rasuwarsa

Mun bar Kumasi ana idar da sallar asuba, ni da abokiyar aikina, da majigi da jakar wayoyin kwamfuta. Aikina kula da na'urorin koyarwa ne a kwalejinmu, sai wata ƙaramar kwaleji a unguwar Nima, can babban birnin ƙasa, ta gayyace mu mu horar da malamanta yadda ake tura wa ɗalibai darasi da maki ta manhaja. A Nkawkaw masu burodi suka yi wa motar caa, direba kuwa ya riƙa faɗawa ramukan hanya kamar da gayya. Daga tashar Circle muka hau trotro, ƙaramar motar haya, muka sauka bakin babbar gota ta ruwan ƙazanta, muka ci waakye, wato shinkafa da wake, a tsaye.

Ɗakin horon yana bene na biyu, tagoginsa a rufe saboda hayaniyar kasuwa. Malamai suka shiga manhajar, sunayensu na fitowa a bango ɗaya bayan ɗaya. Sai wani suna ya bayyana da koren ɗigo a gefensa: Malam Issaka. Wata malama ta ture kujerarta baya tana salati.

Na ce, "Wane ne wannan Malam Issaka?"

Shugaban kwalejin ya ce a hankali, "Malamin lissafinmu ne. Mun binne shi kafin azumi."

Kafin in yi magana, saƙo ya faɗo a bangon: ɗalibai su buɗe babi na tara, kada su ji tsoron jarrabawa. Ashe haka saƙonninsa ke zuwa duk mako, har ɗalibai biyu sun daina zuwa aji. Shi kuwa marigayin, a sanin kowa, ko taɓa kwamfuta ba ya yi. Shugaban ya ce in goge sunan yanzu-yanzu.

Na nemi a ba ni lokaci in duba. Na gano daga wata waya a unguwar Maamobi ake shiga da sunansa. Bayan la'asar muka bi lunguna har gidan marigayin. Matarsa ta fito da wayar naɗe cikin ƙyalle.

Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ɗana. Shi ya ce kullum in sa shi caji, in danna nan. Wai yara bai gama da su ba."

Da na bincika, sai na ga a gadon asibiti ya koya wa kansa manhajar, ya jera darussa har ƙarshen zango, kowanne da ranar fitarsa. Saura huɗu. Na ƙarshen na bar shi ban buɗe ba.

Washegari na karanta wa malamai da ɗalibai abin da na gani. Ba a goge sunan ba. Malamar da ta firgita ce ta fara roƙon in nuna mata yadda ake jera darasi.

A hanyar komawa Kumasi ban yi barci ba. Shekaru ina raba malamai gida biyu, masu iya na'ura da waɗanda na fid da rai da su. Da na san Malam Issaka lokacin yana raye, a kashi na biyu zan sa shi. Ina isa ofis na ɗauko jerin dattawan malamanmu, na fara bin su ɗaya-ɗaya ina koya musu manhajar.