Farantin Mama Atine da Bai Dawo Ba

In ka ji ƙamshin tuffa da kirfa ya cika benen nan namu na Takoma Park a Amurka, to Oktoba ta kama, Mama Atine ta kunna oven, murhunta na gashi. Ni Loveth, ɗakina yana ƙarƙashin nata, ni ke shan azabar ƙamshin nan in na dawo daga aikin asibiti da yunwa.

Mama Atine 'yar Bukuru ce, can kusa da Jos. Ɗanta Chollom ya kawo ta renon jikoki. Jikoki suka girma, aiki ya ɗauke shi zuwa Texas, ita kuwa ta ce da tsufanta ba za ta sake koyon wani gari ba. Ta zauna daga ita sai rediyo. In an kira waya, jikokin su gaishe ta da Turanci, sai kowa ya rasa abin faɗa.

Kek mai hawa uku take yi. Ta fere tuffa, ta yanka ƙanana, ta soya da bota da sukari har su yi laushi. Kowane hawa daban take gasa shi, ta bar shi ya huce sarai, don in an yi gaggawa kirim ya narke, ginin ya zame. Sannan ta shafa kirim a na farko, ta zuba tuffa, ta ɗora na biyu tana lallaɓa shi kamar mai kwantar da jariri. Tsohuwar da likita ya hana shan zaƙi fa! Ko ɗanɗanawa ba ta yi, maƙwabta take raba wa.

A kan rabon nan muka yi faɗa bana. Na sayo mata farantan takarda, a ci a yar, kowa ya huta. Ta ture su gefe.

"Loveth, ke ma kin zama Ba'amurkiya? A gida in ka kai wa mutum abinci a kwanonka, dole ya dawo da shi. In ya dawo da shi, dole ya yi sallama. In ya yi sallama, ai sai ka ba shi kujera."

Allah sarki! Ashe wanda zai zauna ya yi hira da ita take nema.

Ta fito da farantan tangaran ɗinta masu shuɗin fure, waɗanda ta taho da su daga Jos, ta yanka kek ta sa a kai, ta bi ƙofa-ƙofa. Ta dawo ta yi shara, ta ɗaura zani mai kyau, ta ɗora ruwan shayi.

Washegari sai ga farantai a bakin ƙofarta, an wanke tas, an ajiye. Ko ƙwanƙwasawa ba wanda ya yi. Wai ladabi ke nan, kada a dame ta. Kai, mutanen nan! Raina ya ɓaci ƙwarai, ita kuwa ta duƙa ta kwashe.

"Sun iya wanki kam," in ji ta.

Ɗaya ne bai dawo ba, na wani dattijo ɗan Habasha da ke hawan sama. Ranar Asabar da idona na ga 'ya'yansa suna loda kayansa a mota, sun zo tafiya da shi. Farantin kam yana cikin wani kwali. Na hau in gaya mata, na tarar ta jera kofi biyu a tebur.

"Saura ɗaya, 'yata, kuma kada ki je karɓowa," in ji ta. "Mutumin nan da hannu biyu ya karɓa, ya san ya kamata. Zai zo."

Sai na fasa gaya mata. Na ja kujera zan zauna, ta taɓa hannuna.

"A'a, koma waccan. Wannan ta baƙo ce."