Amanar Tattasan Bilyana

Atine 'yar Danja ce, kuma wanda ya san Danja ya san tattasai. Tun tana ƙarama take taya mahaifinta shanya, har ta kai da ido kaɗai take gane wanda zai lalace. Aure ne ya kawo ta Doha, inda mijinta Dogara yake tuƙin motar kamfani, suka kama haya a unguwar Old Airport.

Maƙwabciyarta Bilyana nas ce, 'yar ƙasar Masedoniya. Ita ba ta shanya tattasai a ƙasa, wai wulaƙanci ne! Da allura take huda hancin kowanne, ta jera a zare kamar carbi, ta rataye a inuwa. In ya bushe a tafasa, a kankare naman, a kwaɓa da tafarnuwa da mai, a ci da wake. Na bana daga gonar mahaifiyarta ta zo da shi, ko sati biyu ba a yi ba tsohuwar ta rasu. Da za ta tafi jana'iza, sai ta damƙa wa Atine zare shida amana.

To, damshin tekun Doha ba ya jin kunyar kowa. Kwana biyar, Atine ta ga fumfuna ta fara cin tattasan. Ta buga wa Bilyana waya, a kashe.

"Kayan mutane ne, kar ki taɓa," in ji Dogara.

"Haba Malam! Ruɓa zan miƙa mata?"

Ta tsinke zaren, ta zubar da ruɓaɓɓun, ta tsaga sauran ta baza a saman bene, rana ta busar da su. Sannan ta ɓarza a turmi. Zare shida suka koma kwalba biyu, kuma tun ranar abinci bai ƙara yi mata daɗi ba.

Ranar da Bilyana ta dawo, ƙusoshin bangon Atine da aka rataye zaren ta fara kallo, wayam. Atine ta miƙa mata kwalba.

"Ki yafe ni. Abin da na iya ke nan."

Bilyana ta buɗe ta shinshina, ta yi atishawa, sai ga hawaye.

"Haka Mama take daka shi, mu barbaɗa a wake," ta ce. "Kullum tana cewa in zo in koya, ina cewa sai baɗi."

Atine ta sauke ajiyar zuciya, ta ji kamar an ɗauke mata buhun masara daga ka.

"Share hawayenki," ta ce. "Na rage mudu guda ban daka ba. Zo ki kama taɓarya."